Marigayi Mustafa Akkad, Baƙon Da Ya Kai Tarihin Musulunci Gidajen Sinima

A wannan fitowa filinmu na tunawa da mazan jiya zai tsallaka teku ne, ya ɗauko mana wani bawan Allah wanda da wuya a sami gidan Bahaushe a nan Kudu da ba a taɓa kallon aikinsa ba. Amma fa in ka tsaya a bakin masallacin Sabo bayan La'asar ka tambayi mutum goma sunansa, da ƙyar biyu su ba ka amsa. Ka ce musu fim ɗin Sayyidina Hamza, ko fim ɗin Umar Mukhtar, nan take kowa zai gyaɗa kai, wani ma ya fara ba ka labarin wurin da aka ɗora wa Bilal dutse a ƙirji. To, mutumin da ya shirya finafinan nan biyu shi ne Mustafa Akkad, Balaraben ƙasar Siriya, wanda ya rasu a 2005.

Dalilin da ya sa na ga ya dace da mujallarmu kuwa shi ne, shi ma baƙo ne kamar mu. Ya bar garinsu yana saurayi, ya yi kimanin shekara 50 cikin mutanen da yarensu daban, addininsu daban. A cikinsu ya nemi abincinsa, a cikinsu ya haifi 'ya'yansa. Duk wanda ya zauna a Agege ko Shagamu ko Ama-Hausa ta Owerri ya san yadda abin yake: maƙwabcinka yana gaishe ka kullum, kuna ciniki, amma abin da ya sani game da kai da addininka bai wuce abin da ya tsinta a bakin mutane ba. Wannan ne ya dami Akkad a Amurka, kuma a kansa ya ƙarar da ƙarfinsa.

An haife shi ranar 1 ga Yuli 1930 a Halab, birnin da Turawa ke kira Aleppo, tsohon garin fatake a arewacin Siriya. A lokacin ƙasar tana hannun Faransa. Mahaifinsa ma'aikacin kwastan ne, mai rufin asiri dai, ba mai dukiya ba. Yaron ya yi karatu a wata kwaleji ta Amurkawa da ke nan Halab, inda ya sami Turanci, ya kuma ɗanɗana wasan kwaikwayo, daga nan sha'awar fim ta shige shi ta ƙi fita. A tsakiyar shekarun 1950 ya tashi zuwa Amurka karatun shirya fim. Guzurin da mahaifinsa ya iya ba shi a filin jirgi shi ne dala 200 da Alƙur'ani guda. Shi da kansa ya riƙa ba da wannan labari har tsufansa. Na tabbata dattawanmu da suka sauko a jirgin ƙasa daga Kano ko Gusau da 'yar jaka da allo da albarkar iyaye ba za su ji labarin nan baƙo ba.

Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, ya ƙara na biyu a Jami'ar Kudancin Kalifoniya. A wannan tsakani ne ya haɗu da Sam Peckinpah, wanda daga baya ya shahara wajen finafinan kaboyi. Peckinpah yana son ya yi fim a kan yaƙin neman 'yancin Aljeriya, yana neman Balarabe mai ba shi shawara, sai aka haɗa shi da Akkad. Fim ɗin bai yiwu ba, amma zumuncin ya ɗore, kuma shi ne ya riƙa ƙarfafa masa gwiwa har ya sami aikin shirya shirye-shirye a gidan talabijin na CBS. Ya yi shekaru yana wannan aiki, yana koyon yadda Bature yake son a ba shi labari.

Abin da ya gani a Holiwud kuwa bai yi masa daɗi ba. In an nuna Balarabe ko Musulmi a fim, to ko dai ɗan fashin sahara ne da takobi, ko attajiri mai tara mata, ko wawan da ake yi wa dariya. Da yawa in suka ga haka sai su yi tsaki su wuce, wasu su rubuta takardar ƙorafi. Shi sai ya ƙudurta zai ba da labarin farkon Musulunci da kansa, da kayan aikin Turawan, da 'yan wasansu, a cikin yarensu, a kuma gidajen sinimarsu.

Nan fa ake yin ta. Ta yaya za ka yi fim na kusan awa 3 a kan rayuwar Manzon Allah (SAW) alhali ba za ka nuna shi ba, ba za a ji muryarsa ba, ko inuwarsa ba za a gani ba? Akkad ya ɗauki wannan sharaɗi tun daga farko, ya ma ƙara da cewa ba za a nuna matan Annabi ba, ba 'ya'yansa ba, ba Halifofi huɗu ba. Wani marubuci ɗan ƙasar Ayalan, Harry Craig, shi ya tsara labarin da Turanci, wasu marubutan Larabawa suka sa hannu, aka kai wa malaman Azhar a Alƙahira suka duba suka amince, haka ma majalisar malaman Shi'a ta Labanon. Dabarar da ya yi ita ce, duk inda ya kamata a ce Manzon Allah yana wurin, sai kyamara ta tsaya a matsayinsa. Sahabi ya fuskanci kyamara ya yi magana, ya yi shiru yana sauraro, sannan ya juya ya gaya wa jama'a abin da aka umurta. Wani lokaci raƙumarsa kawai za ka gani tana shiga Madina, ko sandarsa ranar da aka kakkarya gumakan Ka'aba. Sayyidina Ali kuwa, bakin takobinsa mai harshe biyu kaɗai aka nuna a ranar Badar. Nauyin labarin sai aka ɗora shi a kan Hamza da Bilal da Zaidu da Ammar, a ɗaya gefen kuma Abu Sufyan da matarsa Hindu.

Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, fim biyu ya yi a lokaci guda. Akwai na Turanci mai suna The Message, akwai na Larabci mai suna Ar-Risala, kowanne da 'yan wasansa. In an gama ɗaukar fitowa guda da rukuni ɗaya, sai su koma gefe, ɗaya rukunin ya shigo wuri ɗaya ya maimaita. A na Turanci Anthony Quinn, haifaffen Meziko, shi ne Hamza, Irene Papas 'yar Girka ita ce Hindu, Johnny Sekka haifaffen Dakar shi ne Bilal. A na Larabci Abdullahi Gais na Masar ne Hamza, ɗan'uwansa Hamdi Gais ne Abu Sufyan, Muna Wasif 'yar Siriya ce Hindu. Ni dai a nawa ganin, Hamzan Larabci ya fi kwarjini in ya buɗe baki, amma tafiyar Quinn da yadda yake saukowa daga doki, sai dai a bar masa. An ruwaito cewa zakaran dambe Muhammad Ali ya nuna sha'awar fitowa a matsayin Bilal, Akkad ya ƙi, don kada mutane su zo kallon ɗan dambe su manta da abin da ya tara su.

An fara ɗauka a 1974 a Maroko, kusa da Marrakesh, inda aka share watanni ana gina kwaikwayon garin Makka na wancan zamani. Kuɗin farko daga Kuwait da Libiya da Maroko suka fito. Ana cikin aiki sai ƙungiyar Rabiɗa da ke Makka ta ce ba ta yarda da fim ɗin ba. Kuwait ta janye, Sarki Faisal na Saudiyya ya matsa wa Sarki Hassan na biyu, shi kuma ya ce a tattara a bar masa ƙasa. Ka duba fa, ga ɗaruruwan ma'aikata, ga gari an gina, ga bashi, aiki bai kai rabi ba. Akkad ya ɗauki abin da ya riga ya ɗauka ya je ya nuna wa Mu'ammar Gaddafi, shi kuma ya ce a zo Libiya a ƙarasa, zai biya. A saharar Libiya aka ɗauki yaƙin Badar da na Uhudu, aka kammala a 1975. Wannan kuɗi na Gaddafi ya ceci fim ɗin, amma ya zame wa Akkad tabo a Amurka, don daga nan 'yan jaridarsu ba su ƙara ambatonsa ba tare da sun jingina shi da Libiya ba.

An fara nuna shi a Landan a 1976. Sunan da aka raɗa masa da farko yana ɗauke da sunan Manzon Allah, sai aka yi barazana, aka canza ana saura kwanaki a buɗe. Ƙasashen Larabawa da yawa suka hana shi, har da Masar da malamanta suka duba rubutun. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Amurka ranar 9 ga Maris 1977, ranar da aka fara nuna shi a can. Wasu mutum 12 'yan wata ƙungiyar baƙaƙen fata Musulmi da ke kiran kansu Hanafawa, ƙarƙashin Hamaas Abdul Khaalis, suka mamaye gine-gine uku a Washinton, ciki har da Cibiyar Musulunci ta birnin, suka tsare mutum 149. Babban ciwon Khaalis shi ne kisan gillar da aka yi wa iyalinsa a 1973, yana so a miƙa masa waɗanda suka yi. Amma cikin buƙatunsa har da a daina nuna fim ɗin, domin jita-jita ta bazu cewa wai Anthony Quinn ya fito ne a matsayin Annabi. Bai kalli fim ɗin ba, ji kawai ya yi. Aka kashe wani matashin ɗan jarida, Maurice Williams, aka harbi Marion Barry wanda daga baya ya zama magajin garin Washinton. Sai da jakadun Masar da Pakistan da Iran suka shiga suka zauna da shi, suna karanta masa ayoyin rahama, sannan ya saki mutanen bayan kusan awa 39. An ci gaba da nuna fim ɗin daga baya, amma kasuwarsa ta riga ta mutu a Amurka. Abin da ya samu a Holiwud bai wuce sa kiɗan da Maurice Jarre ya yi masa cikin takarar Oska ba, shi ma Star Wars ya cinye.

Wato mutanen da aka yi fim ɗin dominsu ba su kalla ba, waɗanda aka yi shi don kare su kuma suka hana. Ashe rabon na irinmu ne. Da bidiyo ya shigo a shekarun 1980, kaset ɗinsa ya riƙa yawo hannu zuwa hannu, an kwafa an sake kwafa har hoton ya yi hazo. Ina tuna wani dare cikin watan Azumi da aka fito da talabijin tsakar gidan da muke haya, aka tayar da janareta don an ɗauke wuta. Gidan kuwa irin namu ne na nan, Bahaushe a wannan ɗaki, Bayarabe a wancan, Inyamuri a ƙurya. Da aka zo wurin da Ja'afar yake tsaye gaban Najjashi sarkin Habasha yana bayanin matsayin Annabi Isa da Nana Maryam, wani maƙwabcinmu Kirista da ke tsaye a bakin ƙofa da bokitinsa ya ajiye bokitin ya zauna, bai tashi ba sai da aka ci Makka. Washegari ya tambayi mahaifina ko da gaske hakan yake a littafinmu. Bai musulunta ba, kada wani ya ƙara wa labarin gishiri, amma shekara da shekaru muna gida ɗaya, ranar ce ya fara tambaya.

Ba na ɓoye cewa har yau akwai malamanmu da ba su yarda da fim ɗin ba. Hujjarsu ita ce Sahabbai ma ba a kwaikwayonsu, kuma yaro in ya ji sunan Hamza sai fuskar wani Bature ta faɗo masa a rai. Maganar tana da nauyi, ni kaina hakan na faruwa da ni. Akwai kuma masu ƙin kiɗan, da masu cewa an tsallake abubuwa da yawa na Sira. Wanda ya ɗauki wannan fatawa bai yi laifi ba. Abin da dai ba zan yarda da shi ba shi ne a ce mutumin ya yi ne da mugun nufi.

Fim ɗinsa na biyu, Lion of the Desert, wato Zakin Sahara, ya fito a 1981, kuma masana da yawa suna ganin ya fi na farko ƙwarewa. Labarin Umar Mukhtar ne, malamin makarantar allo ɗan ɗariƙar Sanusiyya, wanda ya yi shekara 20 yana yaƙar Italiya a gabashin Libiya, daga 1911 har aka kama shi, aka rataye shi ranar 16 ga Satumba 1931 a Suluƙ a gaban dubban mutanensa, yana da shekara sama da 70. Wannan tarihi bai yi nisa da mu ba. Kafin Italiya ta zo, Umar Mukhtar ya zauna a Chadi, ya yaƙi Faransa a can, kuma da goyon bayan Sanusiyyar nan ne Kawusan ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas a 1916 zuwa 1917. Anthony Quinn ne ya sake fitowa a matsayin dattijon, Oliver Reed ya fito a Janar Graziani, Rod Steiger a Musolini. Akkad bai rage komai ba: sansanonin da aka tara makiyaya suna mutuwa da yunwa, rijiyoyin da aka cike, da wayar ƙaya mai tsawon kilomita kusan 270 da aka ja a iyakar Masar don a yanke wa mayaƙan hanyar abinci. Har ya sa hotunan gaske na wancan zamani a tsakani. Amma bai mai da kowane Ba'italiye shaiɗan ba, ya nuna hafsan da ya ƙi zalunci, da lauyan soja da ya kare dattijon a kotu. Wurin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne na tabarau: dattijo ya cire shi kafin a sa masa igiya, ya faɗi ƙasa, wani ƙaramin yaro ya ɗauka.

Libiya ce ta biya, kimanin dala miliyan 35, abin da aka samu a sinima kuwa bai taka kara ya karya ba, don a lokacin dangantakar Amurka da Gaddafi ta yi tsami ƙwarai. Italiya ta hana nuna shi a 1982, wai ya ci mutuncin sojojinta. Sai a Yuni 2009, da Gaddafi ya kai ziyara Rum da hoton Umar Mukhtar maƙale a ƙirjinsa, sannan wani gidan talabijin na can ya nuna shi.

To mai karatu zai ce, mutumin da finafinansa biyu duk suka faɗi a kasuwa, da me ya rayu? Nan ne abin dariya da mamaki yake. A 1978 wani matashin darakta, John Carpenter, yana neman mai ba shi kuɗi ya yi wani ɗan fim na ban tsoro, labarin wani mahaukaci mai rufe fuska da ke bin 'yan mata da wuƙa. Akkad ya ba da kimanin dala dubu 300. Fim ɗin, mai suna Halloween, ya dawo da miliyoyin daloli masu yawa, ya shiga sahun ƙananan finafinan da suka fi kawo riba a tarihi. Daga 1978 zuwa 2002 an yi kashi 8, duk da sunansa a kai a matsayin furodusa. Saboda haka in ka ambaci Akkad a Amurka, mai Halloween suka sani. In ka ambace shi a Alƙahira ko Jakarta, mai Ar-Risala ne. Wasu sun zarge shi a kan wannan, suna cewa bai dace da shi ba. Ni ma ba fim ɗin da zan kunna wa yarana ba ne. Sai dai wanda ya yi zaman baƙunta ya san sau da yawa sana'ar da ke ciyar da kai daban take da abin da ke zuciyarka, kuma da kuɗin dodon nan ne ya riƙe ofishinsa yana jiran ranar da zai yi fim na uku.

Fim na ukun nan shi ne na Salahuddin Al-Ayyubi, wanda ya karɓo Ƙudus a 1187. Ya shirya rubutun, ya yi magana da Sean Connery a kan ya fito a matsayin Salahuddin. Fiye da shekara 20 yana yawo da takardun nan daga wannan fada zuwa waccan, da lofensa a baki kamar kullum, ana karɓarsa da shayi da yabo, ana sallamarsa hannu wofi. Ya sha kokawa a hirarraki cewa kuɗin jirgin yaƙi guda ɗaya da shugabannin Larabawa ke saye ya isa a yi fim ɗin da zai canza yadda duniya ke kallonsu. Ba wanda ya ba shi. Shi ya sa mutumin da ya yi shekara 50 a harkar fim ya tafi da finafinai biyu kacal da ya ba da umurni, uku in an ƙirga na Larabci daban.

Ranar 9 ga Nuwamba 2005 yana otal ɗin Grand Hyatt a Amman, babban birnin Jodan. 'Yarsa Rima, mai shekara 34 da 'ya'ya biyu, ta iso daga Beirut, ya sauko ƙasa ya tarye ta. A daren nan 'yan ƙunar baƙin wake na ƙungiyar Alƙa'ida reshen Iraƙi, mutanen Abu Mus'ab Zarƙawi, suka tayar da bama-bamai a otal uku na birnin, ɗaya ma a tsakiyar taron biki. Kimanin mutum 60 suka mutu, mafi yawansu Musulmi. Rima ta cika nan take. Shi kuma aka kai shi asibiti da raunuka, ya rasu ranar 11 ga wata yana da shekara 75. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gaya wa Turawa cewa Musulunci ba ta'addanci ba ne, masu ikirarin jihadi ne suka kashe shi da 'yarsa. Aka kai gawarsa Halab, garin da ya bari da dala 200, aka binne shi a can. Allah ya jiƙansa da ita, ya gafarta musu kurakuransu, amin.

Hukumar birnin Halab ta sa sunansa a wata makaranta da wani titi, kafin yaƙin basasa ya ragargaza garin tsakanin 2012 da 2016. Ɗansa Malik ya ci gaba da riƙe kamfanin, ya kuma ɗauki tsofaffin faifan Ar-Risala da The Message ya sa aka wanke su aka gyara hoto da sauti, aka nuna a bikin finafinai na Dubai a ƙarshen 2017. A watan Yuni 2018, lokacin Ƙaramar Salla, hukumar tace finafinai ta Saudiyya ta ba da izini aka nuna shi a sinima a ƙasar, shekara 42 bayan fitowarsa, shekara 13 bayan an binne mai shi. Rubutun Salahuddin kuwa bai rayu ya ga an ɗora masa kyamara ba.